Tagwayena kamarsu ɗaya amma karatunsu ya sha bamban: gado ne ko tarbiyya?

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina da tagwaye maza 'yan shekara tara, likita ya ce daga ƙwai ɗaya suke. Babban da an koya masa abu ya ɗauke, ƙaramin kuwa har yanzu da yatsa yake bin layi yana haɗa baƙi. Babansu ya ce ƙwaƙwalwa gado ce, in daina wahalar da kaina. Surukata kuma ta ce ni na fi jan ɗaya a jiki. Wa ke da gaskiya, kuma me zan yi?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar maigida ita ce ta fi rauni a nan. Tagwayen ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne, to da gado kaɗai ke aiki ai da tare za su riƙa tafiya. Da wannan dabarar masana ke auna lamarin: su kwatanta irin naki da tagwayen ƙwai biyu, waɗanda kusan rabin gado kawai suka haɗa. A 2015 an tattara binciken shekara 50 kan tagwaye fiye da miliyan 14, aka ga gado na bayyana kusan kashi 49 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane. Sauran muhalli ne. Kuma wannan lissafin jama'a ne, bai ce ɗanki ba zai iya ba.

Abu Yasir: Malam, kada dai a raina gado. A binciken da masani Thomas Bouchard ya fara a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1979, tagwayen ƙwai ɗaya da aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi gidansa daban, an tarar basirarsu ta yi kusa ƙwarai.

Malamin Kimiyya: Haka ne, sai dai yawancinsu ba gidajen yunwa suka tashi ba, don haka muhallinsu bai sha bamban sosai ba. Kuma Hajiya, "muhalli" ba ke kaɗai ba ce. Tun a ciki ɗaya kan fi ɗaya samun abinci ta mabiyiya, sai rashin lafiya, malami, abokai. Ko zanen yatsunsu ba ɗaya ba ne. Ki sauke wa kanki zargin surukarki.

Anti Malama: Ƙanwata, na daɗe ina koyar da 'yan firamare. Yaron da ke bin layi da yatsa, kafin komai a kai shi a duba idonsa da kunnensa. In lafiya lau, a gwada ko yana da matsalar nan ta rikicewar haruffa, tana da hanyar koyarwa ta musamman. Sannan ki roƙi makaranta a raba musu aji, don wani lokacin ɗan uwan ke amsa masa komai shi kuma ya yi zamansa. Ki riƙa zama da shi shi kaɗai minti 15 kullum, kuma a daina ce masa "dubi ɗan uwanka".