Leshin tatin: da ƙoshiya zan fara ko da allura?

Maman Hanan: Assalamu alaikum. Tun ina budurwa nake saƙa da kwarashi, yanzu kuma tatin ya shiga raina, leshin hannun nan da matan Turkiyya ke yi wa bakin ɗankwali. Bikin ƙanwata saura wata uku, ina so in yi wa mayafanta baki. Wata mai koyarwa ta WhatsApp ta ce naira 15,000 har da zare da ƙoshiya, ɗan abin nan da ake naɗa zaren a ciki a riƙa yin ƙulli da shi. In biya, ko in sayi allurar tatin in bi YouTube? Ku lura, ni bahaguwa ce.

Anti Binta: Wa alaikumus salam. Ƙoshiya, ƙanwata. Ƙulli ɗaya ne duk sana'ar, rabi da rabi, sai zobe da sarƙa da 'yan kunnuwan ado. Wuyar kawai juya ƙullin: ki saki zaren hagu, ki ja na dama da ƙarfi, ƙullin ya tsallaka. In bai juya ba, zoben ba zai rufu ba. Ki fara da zare kala biyu, za ki ga juyawar da idonki.

Ummu Sadiq: Don Allah kada ki biya kowa. Bara na tura wa wata kuɗi, kuɗin adashena ne. Aka sa mu a rukuni, ashe bidiyon wata Baturiya ta kwaso, ko fassarawa ba ta yi ba. Kayan da ta aiko kuwa, ƙoshiyar roba ce mai buɗaɗɗen baki, da ka sake ta sai zare ya warware ta faɗi ƙasa. Zaren kuma mai laushi ne mai gashi-gashi, ina jan zobe sai ya cije a tsakiya ya tsinke. Na zauna har tsakar dare da allura ina kwance ƙulli, yatsana ya yi kanta. Da na yi magana ta ce hannuna ne mai nauyi, washegari ta cire ni. Har yau in na ga ƙoshiyar nan a cikin gwangwanin alawa sai raina ya ɓaci.

Fati Zariya: Allah ya isar miki. Amma nawa kika biya? Ni ƙoshiyar Clover, 'yar Japan, naira 9,000 aka kawo mini daga Legas.

Hajiya Talatu: An cuce ki. Guda biyu na saya 3,500.

Fati Zariya: Hajiya, yaushe? Kuma Clover ce ko mai kama da ita?

Baban Zee: Ni da na ga ƙoshiya na ɗauka maganar kwasar tuwo ake yi, har na wanke hannu.

'Yar Damagaram: A nan firibolite muke jin ana ce masa, sunan Faransanci. Zare shi ne magana. Ki nemi na auduga mai santsi da murɗi sosai, irin na kamfanin DMC ko Anchor. Lamba 10 ya fi kauri, shi ya dace da mai koyo. Lambar na hawa zaren na sirancewa, 20, 40, har 80. Allura ta fi sauƙi don babu juya ƙulli, kai tsaye ake jera shi a jikinta.

Anti Binta: Aikin allura sakwa-sakwa yake fita, sai zaren ya bi ramin da allura ta bari. Wanda ya san leshi daga nesa zai gane.

'Yar Damagaram: Anti, da girmanki, kin taɓa yin na allurar? Ni da shi na fara, kuma ana saye.

Anti Binta: Ina wannan aiki tun kafin a kawo wayar shafa.

Maman Hanan: Na gode duka. Maganar hagun fa? Kuma wata uku zai isa?

Ummu Sadiq: Ni dai na gaya miki, kada ki tura kuɗi.

Hajiya Talatu: Ko kin iya ma, wa zai biya? Bakin mayafi ɗaya sai da ya ci mini fiye da mako, mata ta zo ta juya shi ta ce a Kantin Kwari ana sayar da yadin leshi da araha. Na ce wancan inji ne ya buga. Ta ce ai duk leshi ne, ta taya 2,000.

Fati Zariya: Gara ma ita ta taya. Dangi fa? A karɓa a ce Allah ya yi albarka, ko kuɗin zare babu. Matar yayana har da aiko mayafan ƙawayenta.

Hajiya Talatu: Ki ce mata zare ya ƙare. Masu bashin hulunan jarirai ma tun azumi nake bin su, ɗaya ta daina ɗaukar wayata.