Abin da muka tsinto a hirar murar yara

Jiya a gidan suna can Ƙofar Ƙaura aka ɓarke da zancen murar yara, tunda hunturu ya shigo kowane gida sai tari da majina. Wata nas a cikinmu ta ce wai korona ba tun 2020 ta fara ba, ban da ta COVID-19, akwai wasu ire-irenta guda 4 da suka daɗe suna yawo a yara, 229E da OC43 tun shekarun 1960 aka gano su, NL63 a 2004, sai HKU1 a 2005. Mu dai muka saki baki! Yawancin yara suna kamuwa tun suna ƙanana, kuma galibi mura ce kawai ta wuce, sai dai NL63 kan kawo tarin nan mai kamar haushin kare.

Ta ce a daina ruga kemis sayen amoksil, baya kashe bairos, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo mura. Abin yi shine nono, ruwa, a share hanci, banda zuma ga ɗan ƙasa da shekara 1.

Inda ta fi dagewa shine numfashi, ki ɗaga rigar yaro ki ƙirga na minti ɗaya, ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi nono, to asibiti kawai, ko tsakar dare ne a nemo mai napep.