An saka ni a bitar haƙƙin ɗan'adam, in je ko in zauna kan fayilolina?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni lauyan gwamnati ne a sashen gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'ar jiharmu, ban daɗe da fara aiki ba. An saka sunana cikin masu zuwa bitar mako guda kan haƙƙin ɗan'adam, tare da majistarori da lauyoyi masu zaman kansu. Wani babba a ofis ya ce wannan harkar masu kare waɗanda ake tuhuma ce, in ba alawus nake hange ba gara in zauna. Ga fayiloli jibge a tebur. Don Allah me mai gabatar da ƙara zai ƙaru da shi a can?

Tsohon majistare: Wa alaikumus salam. Ɗana, tashi ka tafi. Yawancin shari'un da suka rushe a gabana ba gwanintar lauyan wanda ake tuhuma ce ta rusa su ba, tun daga caji ofis suka zo da ciwonsu. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar amsa laifin da aka samo ta hanyar tursasawa, kuma tun 2017 azabtarwa laifi ce mai zaman kanta, ɗaurinta na iya kaiwa shekara 25. To fayil ya zo maka ba komai ciki sai takardar amsa laifi, mutum ya miƙe ya ce da duka aka karɓe ta, an shiga shari'a cikin shari'a, wato zaman gano ko da son ransa ya amsa laifin, ɗan sandan da ya yi bincike kuma an yi masa canjin wurin aiki. Wa ya faɗi? Kai. Da ka san abin tambaya tun farko, ko lauya na nan lokacin ɗaukar bayanin, ko an naɗi bidiyo, da ka mayar da fayil ɗin an gyara.

Lauya mai zaman kanta: Ranka ya daɗe ka gama magana. Ƙanena, ka buɗe sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999: kwana ɗaya a kai mutum kotu in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu kwana biyu. Amma fiye da rabin mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke, da yawansu kuma shawarar ofishinku ake jira. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma ɗora wa majistare zagaya caji ofis kowane wata. Ka duba ta jiharku, lambobin sassan kan bambanta.

Wani lauya daga Kaduna: Ni dai kada a cika yabo. Wata bitar daga safe zuwa la'asar yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya za a yi ta karanto muku, a ci shinkafa, a ɗauki hoto. Nemi jadawalin tukuna. In ka ga beli, da umarnin tsarewa, da ƙa'idojin neman haƙƙi a babbar kotu na 2009, ta yi. In alƙalan da ke zama a kotu ne za su koyar, ta fi yi.

Ɗan uwa daga Maraɗi: Barista, kada ka raina yarjejeniyoyin nan ma. A 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, ta ce a biya ta jaka dubu goma ta sefa, wato miliyan 10. Har da sakacin alƙalan cikin gida aka kama gwamnati. Kuma kotun ba ta sharɗanta sai an gama da kotunan ƙasa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe zan karɓi jadawalin. Hajiya lauya, ko kina da kwafin ƙa'idojin 2009 ɗin ki turo mini?