"Sun gyara nasu, mu mun rusa namu": muhawara kan sake buɗe otal ɗin Waldorf Astoria

Direban Bronx: Assalamu alaikum jama'a. Abu ya tsaya mini a rai yau, sai na amayar da shi. Da la'asar na sauke wata fasinja a ƙofar Waldorf Astoria, kan titin Park Avenue a nan New York. Shekara takwas ina wuce ginin nan yana kewaye da katako da ƙarafan magina, tun da aka rufe shi a watan Maris na 2017, sai a Yulin 2025 aka sake buɗewa. Na biya kuɗin ajiye mota na shiga don in gani da idona. Tsohon agogon nan na tagulla da aka ƙera domin baje kolin Chicago na 1893 yana nan tsaye, ya fi mutum tsawo, an goge shi yana sheƙi. Daɓen zauren shiga kuwa guntayen duwatsu ne fiye da 100,000 aka jera su da hannu suka zama zane, kuma shi ma an adana shi. Ginin 1931 ne fa, hawa 47. Ina tsaye a wurin sai otal-otal ɗin Durbar ta Kaduna da Daula ta Kano suka faɗo mini, wallahi har idona ya kawo ruwa. Waɗannan mutane sun san darajar gadonsu. Mu namu sai katafila.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Yaya. Gado ka ce? Gadon wa? Otal ɗin nan tun 2014 aka sayar wa kamfanin inshora na China mai suna Anbang a kan dala biliyan 1.95. Abin da ka sayar ka lashe kuɗin ya tashi daga gado.

Direban Bronx: Ƙanena, ni maganar gyara nake yi, ba ta wanda ya saya ba.

Ɗan Fagge: Amma gado ka rubuta. A da shugabannin Amurka a can suke sauka in sun je taron Majalisar Ɗinkin Duniya, amma a 2015 Obama ya ƙi, ya koma wani otal, bayan wurin ya shiga hannun China. Mutum yana gudun ɗakin gadonsa ne?

Malamin Islamiyya: A yi hattara da kalmar nan. Gado shi ne abin da mamaci ya bari aka raba wa magada. Magaji yana da ikon sayar da rabonsa, kuma sayarwar ba ta canza cewa ta hanyar gado ya same shi. Ɗan Fagge, hujjarka ba ta tsaya ba. Amma ni damuwata daban ce. Gidan da ake sayar da giya a cikinsa, har mu zauna muna kiransa gado muna zubar masa da hawaye?

Maman Walida: Haba Malam. A Daula aka yi walimar auren yayata, ina ƙarama, ina tuna farin zanen teburi da lemon kwalba da aka jera mana. Alhazai da malamai ne cike da wurin. Kada a shafa wa kowa baƙin fenti.

Malamin Islamiyya: Hajiya ban ce kowa ba.

Magini Daga Zariya: Ni magini ne, shekara 22 ina aikin. Ku bar gado, kalmar gyara ma akwai magana. Ɗakuna sama da 1,400 ne a otal ɗin kafin a rufe. Yanzu na baƙi 375 ne kacal, sauran benen an mayar da su gidaje 372 na sayarwa ga masu hannu da shuni. In mai gida ya ce in fasa bangon ɗaki huɗu in mayar ɗaya, in zare duk waya da bututun ruwa, in bar masa fuskar gida da zaure kawai, a wurinmu sabon gini ne a cikin tsohuwar riga. Zauren da agogon da Yaya ya gani kuwa hukumar kula da gine-ginen tarihi ta birnin ce ta sa su ƙarƙashin kariya a 2017, doka ta hana a taɓa. Tsoron hukuma ne ya tsare su.

Direban Bronx: To ai ka faɗi abin da nake nufi! Suna da dokar, kuma tana aiki.

Ɗan Fagge: Waldorf na farko da ke titin Fifth Avenue fa? A 1929 suka rushe shi ƙurmus suka gina dogon benen Empire State a wurin. Su ma sun iya rusau.

Dattijon Unguwar Rimi: Yara, ku saurara. Ina saurayi aka yi FESTAC, bikin al'adun Afirka, a 1977, kuma domin babban hawan da aka yi a Kaduna aka gina Durbar. Na ga dawakin sarakuna da idona, da 'yan lifida da masu algaita, ƙura ta tashi har ba ka ganin na gabanka. Baƙi daga ƙasashe suka cika otal ɗin. Ranar da aka sa masa katafila a Janairun 2020 ban iya cin abincin dare ba. In wannan ba gadonmu ba ne, ban san mene ne gado ba.

Ɗan Kawo: Baba, da girmanka, Durbar ta daɗe da mutuwa kafin 2020. Kango ne, ciyawa ta cinye shi, ɓata-gari na kwana a ciki. Gwamnan lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, gawa ya binne.

Ɗan Gidan Janar: Gawar wa? Iyalan marigayi Abacha na cewa nasu ne, magana tana gaban kotu aka je aka rusa. Ga ainihin gado nan, na marayu.

Ɗan Kawo: Ka fara gaya mana yadda otal ɗin gwamnati ya zama na gida ɗaya.

Ɗan Gidan Janar: Ka je ka tambayi kotu. Ku dai ba ku ƙaunar Janar ko a kabari.

Jar Hula Har Abada: Tunda an ambaci Daula, a faɗi gaskiya. Gwamnatin Ganduje ce ta miƙa wurin ga 'yan kasuwa aka kafa sababbin gine-gine. Abin da Gwamna Abba ya rusa a Yunin 2023 su ne, dukiyar al'umma ya ƙwato.

Ɗan Fagge: Ƙwato? Ko mako guda bai yi a kan kujera ba ya fito da katafila. Mutane nawa suka yi asara? In gadon al'umma ne, sai a karɓe a yi amfani da shi, ba a mayar da shi tarin ƙasa ba.

Jar Hula Har Abada: Dama tun ɗazu na gane inda ka dosa. Faɗi nawa aka ba ka.

Ɗan Fagge: Ka kawo shaida ko ka janye. Ni da gumina nake ci a Kantin Kwari.

'Yar Zinder: Ikon Allah. Mu a Yamai otal ɗin Gaweye yana nan bakin kogi kusa da gadar Kennedy, ba wanda ya rusa, amma tun da aka gina sababbi domin taron Tarayyar Afirka na 2019 hankalin manyan baƙi ya koma can. Rashin kula ma rusau ne, a hankali yake ci.

Ɗan Kawo: Hajiya ki bari mu gama da na gida tukuna.

'Yar Zinder: Au, ni baƙuwa ce a zauren?

Jar Hula Har Abada: Shi ma mai maganar, yana zaune a Amurka yana zagin gida. In kishin ne ya dawo ya gyara Hamdala, ai tana nan tsaye a Kaduna tun zamanin Sardauna.

Direban Bronx: Ban zagi kowa ba. Awa 12 nake yi a kan sitiyari, kuma rabin abin da na samu gida yake tafiya. Ina da bakin magana.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka. Ga abin da aka cimma. An tabbatar cewa Waldorf Astoria ba gadon Amurkawa ba ne yanzu, tunda China ta saya, har gwamnatin China ta karɓe kamfanin Anbang a 2018 aka ɗaure shugabansa shekara 18. An tabbatar su ma Turawa suna rusau, don haka ba abin kunya ba ne gwamnati ta rusa abin da aka gina ba bisa ƙa'ida ba, kamar yadda aka yi a Daula. Batun Durbar a bar wa mutanen Kaduna. Ɗan Fagge ya nemi afuwar zaure bisa zafin da ya ɗauka. Na rufe wannan magana.

Ɗan Fagge: Ni zan nemi afuwa? Wanda ya ce an biya ni fa? Shugaba, jar hularka ta leƙo.

Direban Bronx: Ranka ya daɗe, ba a cimma wannan da ni ba. Tambayata ɗaya ce tun farko, kuma Magini kaɗai ya kusance ta: wace hukuma ce a Kano ko Kaduna za ta iya ce wa gwamna kada ya taɓa gini, ya kuma fasa? Ga fasinja ya kira, in na sauke shi zan dawo in ji.