Rabin tsabar azurfa da maɓallai biyu daga wata gona a Ingila

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Makon jiya na fita da na'urar gano ƙarfe a wata gona a nan Ingila, da izinin mai gonar, na tono wani siririn ɓallin azurfa mai siffar rabin wata, nauyinsa bai cika giram ɗaya ba. A gefe ɗaya akwai layuka biyu a jere da suka kai har baki, da ɗigo uku a kowace kusurwa. Na kuma samu maɓallai biyu, ɗaya mai launin toka da ko tsatsa bai yi ba, ɗayan kuma an rubuta GILT a bayansa. Shin garma ce ta karya kuɗin, ko da gangan aka raba shi?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara duba bakin da aka raba: idan ya miƙe santal yana bin layin gicciyen da ke bayan kuɗin (layukan da ka gani ɓangarensa ne), yanka ne, domin karayar garma takan lanƙwasa ƙarfen ta bar baki mai gargada. A zamanin da, kwabon azurfa ne kusan kuɗi ɗaya tilo da ake bugawa a Ingila, saboda haka mai neman canji sai ya raba shi biyu ko huɗu. Gicciye mai kai wa baki da ɗigo uku-uku alama ce ta kuɗin da Sarki Henry na Uku ya fito da shi a 1247, kuma an tsawaita gicciyen ne domin a hana masu yankar gefen kuɗi satar azurfa. Kuɗin da ya gabace shi, na 1180, gicciyensa gajere ne, ɗigonsa huɗu-huɗu. Bayan 1279, da Edward na Ɗaya ya buga ƙananan kuɗi zagayayyu, raba kwabon ya yi ta raguwa. Ka sa gilashin ƙara girma ka karanta haruffan baya, domin a nan ake rubuta sunan maƙerin kuɗin da garin da aka buga shi.

Hajiya Mai Bincike:
Game da maɓallan, mai launin tokan ina kyautata zaton gaurayen tagulla da tutiya ne na ƙarni na 18, musamman idan bayansa yana da siraran da'irori na injin gurza. Mai rubutun GILT ruwan zinariya aka yi masa, kuma irinsa sun yawaita a farkon ƙarni na 19. Don Allah kada ka goge ko ɗaya da yashi ko sinadari. Ruwa da burushi mai laushi sun isa.

Tsohon Hannu:
Na manta ban faɗa ba, Malam: idan ka koma ka samu wata tsabar azurfar a wuri guda da wannan, dokar 1996 kan tsohuwar dukiyar da aka tono ta wajabta kai rahoto ga hukuma cikin kwana 14. Ka rubuta daidai inda ka tono shi tun yanzu.