Zama cikin jirgi ana gyaran daɓensa a Chaguaramas: abin da jama'a suka ce

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara kan ko a zauna cikin jirgi ana gyaran daɓensa ko a fita, tsakanin masu jiragen ruwa masu filafilai da ke kai su gyara Chaguaramas ta ƙasar Trinidad, don kauce wa guguwar teku ta Yuni zuwa Nuwamba.

1. Kowa ya yarda ƙura ce babbar matsala. In aka fara ɓamɓare katakon tik da aka shimfiɗa a daɓen jirgi ana goga da samfefa, garin faiba (abin da aka ƙera jikin jirgin da shi) har cikin tukunya yake shiga. A liƙe tagogi da ƙofofi da leda, a sa takunkumi, a tattara katifu da littattafai tun kafin ma'aikata su hau.

2. Lokacin damina ne a can, ga daɓe duk ramukan kusoshi. A kafa rumfar tamfol kafin a cire katako ko ɗaya.

3. Jirgi na kan tudu, bayan gidansa ba ya aiki. Sai bokiti da dare, ko sauka tsani cikin duhu. A ɗaure tsanin.

4. Wutar can volt 115 ce, jiragen Turai kuwa 230, sai da taransifoma.

5. Gidan sauro dole ne, akwai zazzaɓin dengue.

Inda aka rabu: wasu sun ce a kama haya a huta, musamman masu yara ko asma. Wasu suka ce aiki ya fi sauri da kyau in mai jirgi na kusa, kuma kuɗin haya ya tsira. A ganina masu ra'ayin tsakiya sun fi hujja: a fita makonnin goga da fenti kawai.

Kan kuɗin aiki babu saɓani: a rubuta yarjejeniya, a ba da kafin alƙalami, sauran a biya kashi-kashi.