Neman kalma: me za mu kira “confined space” da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka min. An ba ni fassarar ɗan littafin horar da leburorin gini da ma'aikatan magudanan ruwa, kuma safiyar Alhamis zan miƙa. Kalmar da ta tsaya min a wuya ita ce “confined space”, ga ta kusan a kowane shafi. Dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta 1993 sharaɗi uku ta gindaya kafin a kira wuri da wannan suna: mutum zai iya shiga da dukan jikinsa ya yi aiki, shiga da fita ba sauƙi, kuma ba don a riƙa zama ciki ana aiki kullum aka gina shi ba. Tanki, rijiya, sokawe, kwalbati, rumbun hatsi na ƙarfe, ramin lambatu. Na rubuta “matsattsen wuri” na ajiye, amma raina bai kwanta ba.

Injiniya: Wa alaikumussalam. Gara da bai kwanta ba, don matsi ba ya cikin sharaɗin. Akwai tankin man da mota za ta juya a cikinsa, amma ƙofarsa sai ka tattare kafaɗu kafin ka zura. Ka rubuta matsattse, lebura ya leƙa ya ga fili fetal, ya ce ba da wannan ake ba.

'Yar Rediyo: Rufaffen wuri fa? Ko killataccen wuri?

Injiniya: Hajiya, rijiya bakinta a buɗe yake, kuma tana ci. Killatacce kuwa ai gonar da aka kewaye da waya ma killatacciya ce.

Malamin Nahawu: Duk wahalar da kanku kuke yi da siffa. Hausa na da ma'aunin sunan wuri: makaranta, majema, mahauta, maƙera. Aikatau ɗinmu shi ne shaƙe. Saboda haka: mashaƙa. Gaɓa uku, ba aro, ba jela. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita.

'Yar Rediyo: Malam, a gafarce ni. In na ga an rubuta “Hattara, mashaƙa” a jikin bango, zan ɗauka matattarar 'yan shaƙe-shaƙe ce, 'yan uwan mashaya. In kuma na furta a iska, rabin masu sauraro masaƙa za su ji.

Malamin Nahawu: Karin sauti ya raba gardama. Mahauta wurin yanka da mahauta masu yankan ai rubutunsu ɗaya, wa ya taɓa ruɗewa?

Injiniya: Allon gargaɗi ba ya ɗauke da karin sauti, Malam. Amma ba nan matsalata take ba. Ba duk wanda ya mutu a irin wurin nan ne aka shaƙe ba. Iskar da muke shaƙa kashi 20.9 cikin ɗari oksijin ne. In ya sauka ƙasa da 19.5 an hana shiga, in ya haura 23.5 ma an hana, don a nan ƙyastu ɗaya ya isa gobara. Tsatsa kaɗai na iya cinye oksijin ɗin tankin ƙarfe da aka daɗe da rufewa, ba wari, ba alama. A lambatu da sokawe akwai iskar guba haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iska nauyi, ƙasa take kwanciya, kuma in ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin warin, mutum ya ce alhamdu lillahi ya wuce, alhali ƙaruwa ta yi. Gas ɗin metan sama yake tashi, shi kuma wuta yake jira. Hayaƙin janareta ko injin jan ruwa da aka ajiye a bakin rami yana zuba gubar kabon monoksaid ciki. Sannan ga wanda hatsi ko yashi ya binne, ga wanda aka sako wa ruwa yana cikin bututu. Mashaƙa ta ɗauki ɗaya ta zubar da sauran.

Hausa Zalla: Ni abin da ya dame ni daban ne. Oksijin, metan, tanki, janareta, wannan Hausa ce ko Turanci da hula? Kun zo neman kalmar Hausa da bakin da ya cika da aro. A ce iskar numfashi mana. Haka 'yan rediyo suka lalata mana harshe, kowa ya tashi da safe ya ƙaƙaba mana abin da ya ga dama.

'Yar Rediyo: To fa. Yallaɓai, “littafi” da “fassara” daga ina muka samo su? Kuma mu da kake zargi, minti goma ake ba mu kafin labarai. Masu kwamitin daidaita harshe suna shekara kan kalma ɗaya, su fitar da ƙamus ɗin da ba mai buɗewa.

Malamin Nahawu: Hajiya, a iya baki. Da ba don masu kwamitin ba, da har yau ba a daidaita rubutun da kike karantawa ba.

Hausa Zalla: Aron Larabci ya shekara ɗaruruwa, ya zama ɗan gida. Kada a haɗa.

Injiniya: “Iskar numfashi” ba za ta yi ba, don ramin da ba oksijin ma cike yake da iska, kuma numfashin za ka ja lafiya lau kafin ka faɗi. Lambar da ke kan na'urar gwaji oksijin take aunawa, dole sunan ya dace da abin da mutum zai gani a hannunsa.

Mai Fassara: Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Alhamis dai.

Tsohon Heluma: Sannunku 'ya'yana. Ni ban yi nahawu ba, a bakin rami na tsufa. Mu “ciki” kawai muke cewa: wane yana ciki, kada a kunna inji. Ka rubuta abin da ka ga dama a kan babi, amma shafin mutum na biyu, mai bin na farko don ceto, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe. Na farko ba ya ihu. Yana kan tsani, za ka ga hannunsa ya saki matakala, hular kwano ta faɗa ruwa, shi ke nan. Na sama ba ya tunani, takalmi yake cirewa ya bi shi, har ya ce zai riƙe numfashi. Da idona na ga an fito da uku daga ramin da mutum ɗaya aka tura. Kuma ka gaya musu su daina zura fitila don gwaji. Wuta ba ta san guba ba, in kuma ta tarar da gas ta tashi da kowa.

Injiniya: Baba ya gama magana. NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta fitar da gargaɗi a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a irin wuraren nan masu ƙoƙarin ceto ne. Shi ya sa ake kafa ƙarfe mai ƙafa uku a baki, mai shiga ya sa ɗamarar igiya, in ya faɗi a jawo shi daga waje. Na'urar ma a igiya ake zura ta kafin kowa ya sa ƙafa, a auna sama da tsakiya da ƙasa: oksijin tukuna, sai gas mai kama wuta, sai guba. Fankar hura iska ba a kashe ta sai an fito.

'Yar Rediyo: To ga tawa ta ƙarshe: ƙuntataccen wuri. Ƙunci ya fi matsi faɗin ma'ana, muna cewa ƙuncin numfashi, ƙuncin rayuwa. Ya ɗauki ƙofa, ya ɗauki iska.

Injiniya: Har yanzu tana warin ƙanƙanta. Amma in za a biyo ta da “mai wuyar shiga da fita” a farkon ambato, a jera misalai har da babban tanki, ba zan ja ba.

Mai Fassara: Na ɗauka. A littafi ƙuntataccen wuri, da bayaninsa. A allo: “Haɗari! Kada a shiga sai da takardar izini.” Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Malamin Nahawu: Gaɓa shida inda uku ta isa. Ba komai. Ka dai sa mashaƙa a jerin kalmomin ƙarshen littafi, ko da a gefe ne.

Hausa Zalla: “Izini” ma aro ce, amma na gaji.

Mai Fassara: Malam, zan duba in akwai wuri. Saura ɗaya: wanda ake ajiyewa a waje yana lura da na ciki, ba ya matsawa, ba ya shiga ko me ya faru. Na rubuta “mai tsaron baki”.

'Yar Rediyo: A'a, wannan ai mai kame harshensa ne.

Malamin Nahawu: Ina da kalma.